Sandar Ɗuri

A Bilbis, bayan la'asar,
in inuwar bedi ta kai bakin randa,
nakan jawo akwatin kwano daga ƙarƙashin gado.
Tsahara ta ji ƙarar, ko juyowa ba ta yi ba:
"Man kekena zai sake ƙarewa ke nan."

Libarba biyar, kowacce naɗe cikin tsohon rawani.
Shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo a kasuwar Tawa,
abin da na tara ke nan, ban da ciwon baya.

Dukansu ƴan ɗuri aka ƙera su.
A zuba albarushi ta baki, ɗaki-ɗaki har shida,
a bi da dalma, a danna da sanda,
a kafa ƴar hular jan ƙarfe a ƙeya,
wadda ba ta kai ƙwayar wake ba,
sa'an nan a roƙi Allah kada ruwa ya sauko.
Sai zamani ya zo da harsashi, komai ƙunshe gida guda.
Mai hali ya sayi sabuwa.
Maras shi ya kai tsohuwarsa gun maƙeri,
aka datse ƙeyar ganga,
aka huda ɗakunan har haske ya ratsa,
aka liƙa ƴar ƙofa a gefen dama
mai buɗewa kamar murfin batta.

Su nake nema, masu tabo.
Wani dillali ya taso min takanas daga Yamai
da wadda magagari bai taɓa lasa ba, sumul.
Na dafa masa shayi, har na uku,
na raka shi tasha da abarsa.

Ta farko na samu gun Alkasum na Abalak,
na ba shi rediyo da agogon bango mai tsuntsu.
Ta biyu masu yasar rijiya suka tono wajen Keita,
wata bakwai tana jiƙe cikin kananzir
kafin gangar ta yarda ta juya, taku ɗaya.
Na yi kuka ranar. Tsahara ta ce hayaƙi ne.

Amma ta huɗun ita ce tawa.
Sauran aikin masana'anta ne, layi miƙe, lamba a jere.
Ita kuwa wani ne ya zauna a kan buzu
ya goga, ya goga, hannunsa na zamewa.
Ga inda ya kuskure, ga inda ya cike da tagulla,
ga ɗigo uku da ya buga ƙasan ƙota
maimakon suna.
Na kai ta gun Nomau maƙerin Garkawa,
ya juya, ya shinshina, ya ce,
"Bahago ne, kuma ya yi sauri. Ana jiransa a waje."

Ba wadda ke tashi yanzu.
An cire musu haƙori, takardar jandarma na ƙasan akwati.
Jikata Rakiya ta ce, "Kaka, wa ta kashe?"
Na ce ban sani ba.
Ta ce, "To me kake saurare in ka kanga ta a kunne?"
Na ja kunama a hankali: ƙas, ƙas, ƙas, ƙas.
Agogo ma haka yake ƙirga abin da ba zai dawo ba.

Sai ta nuna sandar ɗuri,
tana nan kwance ƙarƙashin bututu,
tun ranar da aka buɗe ƙeya ba ta da aiki.
Bahagon bai cire ta ba.
Ko ya manta, ko ya ji nauyinta, oho.

Shagona yanzu yaro ne ke liƙa gilashin salula a ciki.
Yana gaishe ni, yana ba ni kujera bakin ƙofa.

Na ɗiga wa sandar mai, ɗigo biyu,
na sauke ta, na mayar.
An kira magariba.
Tsahara ta miƙo hannu, na ba ta kwalbarta.