Uku Su Riƙe, Ɗaya Ya Nema

Ruwan alwala ya cije ni da asuba,
irin cizon da Jos ke yi a watan Disamba.
Na ce wa Rakiya yau dai a bar ni da bargo.
Ta ce, Baba, alkawari kaya ne,
tun babbar salla kake cewa mako mai zuwa.

Shekara talatin da ɗaya ina taka keken ɗinki a Gangare.
Ƙafar nan ta yi tafiyar da za ta kai Makka ta dawo
ba ta taɓa barin ƙarƙashin tebur ba.
Yau ga ta a gindin duwatsun Shere
cikin kambas na aro da ya fi ta da lamba guda.

Izang ne ya tarbe mu, siriri kamar sillen kara,
hular sanyi har gira, bakinsa na tururi.
Ya ce wannan ɓangaren na yara ne da baƙi,
ba igiya, ba ƙugiya, sai hannu da hankali.
Gaɓoɓinka huɗu ne, Malam:
uku su riƙe, ɗaya ya nema.

Dutsen sanyi ƙalau, kamar gindin randa.
Na ɗora tafi, ya ƙi ni. Na sake, ya yarda.
Yatsun da ke gane kafar allura a duhu
suka shiga lalube,
ashe shi ma dutse ɗinkakke ne:
ga kalmasa, ga aljihu,
ga inda aka haɗa biyu aka bar zare a waje,
wata busasshiyar ciyawa tana lilo.

Ko ƙadangare bai fito ba tukuna.
Ya fi ni wayo, rana yake jira.

A wani matsatsi tsakanin duwatsu biyu
kafaɗa ta wuce, ciki ya tsaya gardama.
Tuwon shekaru ne, ba ya son a matsa masa.
Izang ya kau da kai don kada in ga haƙoransa.
Na haɗiye numfashi, na murza, na fita,
hulata ta zaɓi zama a can ƙasa.

Sai wani tudu, bai fi tsayin ƙofar shagona ba,
gwiwa ta ce nan ta tsaya.
Hannu ya sauko daga sama, da lalle a farce.
Yarinyar da na koya wa tsallake kwata
a hanyar Islamiyya
ita ke cewa, kar ka kalli ƙasa, ni za ka kalla.

A sama iska ba ta san dattijo ba.
Muka raɓe bayan wani dutse mai kama da tulu,
shayi da citta daga fulas, ƙosan da ya daskare.
Ga ruwan Lamingo can yana ƙyalli kamar almakashi,
ga tsofaffin ramukan kuza cike da sararin sama,
ga gonakin kabeji an jera su kamar maɓallai.
Na nemi rufin shagona, ban same shi ba,
kuma garin bai rage komai ba.

Nan ta faɗa, tana kallon kofi:
takarda ta fito, hidimar ƙasa, Kuros Riba,
ƙarshen Janairu.
Na ce Allah ya sa alheri.
Na dafa dutse da hannu biyu
ko da yake a zaune nake.

Saukowa da mazaunai na yi ta, ba kunya,
har wando ya yi magana daga baya.
Tela da yagaggen wando!
Rakiya ta yi dariya har da tari,
ta ɗaura mini rigar sanyinta a ƙugu.

Da dare na zauna gyara.
Yatsu sun kumbura, fatar ta goge,
sau biyar zare na kuskure kafa.
Na buɗe baki zan kira ta,
sai na fasa.
Na lashi bakin zaren, na matsa kusa da fitila.