Bangon Kicin

Kwana uku kacal na yi a gidan 'yata a Cloquet.
Na dawo Duluth, na sa makulli,
sai na ji gidana yana magana shi kaɗai:
ɗis, ɗis, daga silin zuwa kan teburin cin abinci.
Sanyin Janairu ya daskarar da bututun bene,
ƙanƙara ta kumbura, ƙarfe ya tsage,
ruwa ya sauko matakala a tsanake kamar mai gida.

Washegari Wendell Kasprzak ya zo da motar kamfani
da wata 'yar na'ura mai haƙora biyu.
Ya soka ta a bango, ta yi tsuwa.
Ya matsa gaba, ta sake.
Ya ce, “Orrin, abin da idonka ya gani ba shi ne ruwan ba.
Dala dubu shida da ɗari huɗu.
Inshora za su ɗauki rabi, in sun ga dama.
Za mu yanke bangon kicin daga ƙasa zuwa ƙugu.”

Na ce shekara talatin da ɗaya na yi
ina loda tama a jiragen tafki,
ba yaro ne zai koya mini shanya ba.
Na raka shi bakin ƙofa.

Na ari fanka huɗu a coci.
Na matse tawul har fatar hannuna ta yi fari.
Na ja kafet waje, ya sandare cikin dare
kamar busasshiyar fata.
Kwana tara, daɓe ya bushe ƙayau.
Na buga wa 'yata waya ina dariya.

Ruwa ba ya gardama da kowa.
Yakan yi shiru ne, ya nemi wurin zama.

A Afrilu wari ya fara, kaɗan-kaɗan,
irin na dankalin da aka manta a buhu.
Jikata Linnea ta kwana biyu, ta koma da tari.
Na ja firji gefe:
fumfuna baƙa ƙirin, ta hau bango kamar rubutu.

To, bari in faɗi gaskiya, tun da na tsufa.
Ba kuɗin ba ne.
A jikin bangon nan, gefen ƙofa,
akwai zanen fensir na marigayiya Marit:
tsawon yaranmu, shekara bi shekara,
da kwanan wata cikin ƙananan haruffanta masu karkata.
Na farkon bai wuce gwiwata ba.
Shi zarto ina ruwansa da wannan?

Wendell ya dawo, bai ce ai na faɗa maka ba.
Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi.
Kuɗi ya zama dubu goma sha ɗaya,
inshora suka ce sakaci ne, suka naɗe hannu.
Araha ba ta ado, na sani,
amma ban san tana wari ba.

Suka rufe kicin da leda, suka sa takunkumi,
injuna suka yi ta gurnani kwana biyar.
Wata ma'aikaciyarsu, Shonda, ta ga inda nake kallo.
Ba ta tambaye ni komai ba.
Ta ajiye babban zarto, ta ɗauko ƙaramar wuƙa,
ta yi kusan awa guda a durƙushe.
Layi bakwai na sama ta ceto.
Huɗu na ƙasa fumfuna ta riga ta cinye.
A Janairu, in ji ta, da duka sun fita.

Yanzu maƙwabcina Gunnar ya leƙo ta kan shinge,
injin wankinsa ya yi ambaliya jiya,
wai ko kiran kamfani ya cancanci kuɗinsa?
Na shiga ciki na ɗauko guntun bangon
da na sa a firam.
Na miƙa masa, na ce ya ƙirga.