Takobin Katako

Shekara goma sha tara ina fawa a Oko-Oba,
wuƙa ta san hannuna yadda jaki ya san hanyar gida.
Sai ga ni ran Asabar a wani bene a Surulere,
ba takalmi, riƙe da takobin katako,
Malam Yun na gyara mini kafaɗa.

Gumdo, in ji shi, hanyar takobi.
Wai kakanninsa sun yi yaƙi da shi a kan duwatsu,
bindiga ta zo, ya kwanta cikin kube,
har jikoki suka zaro shi,
ba don jini ba.

Ya kunna kyandir. In kashe wutar
da iskar sara kaɗai, kada in taɓa lagwani.
Na kai sara irin na ƙashin bijimi.
Kyandir ya karye biyu, yara suka tuntsire da dariya.

Wata huɗu ke nan.
A ƙasa danfo na ihu, janareta na tari.
Na ja numfashi daga cibiya,
na sauke, na tsayar, saura tazarar yatsa.

Wutar ta rusuna, ta yi shawara,
ta miƙe abinta.
Malam Yun ya ce, "Sake."