Littafi Biyu

Littafi biyu nake ajiyewa ƙarƙashin teburi.
Shuɗin na shago ne, nan Sabon Gari.
Jan na kulob ɗinmu na basket,
inda aka naɗa ni ma'aji
don kawai an ga ina riƙe canji.

A shuɗin na rubuta:
manet shida daga Katsina,
biyu sun mutu tun kafin su wuce Ɗan Isa.
Naira ta faɗi, na yi murna,
ta miƙe, na haɗiye murnata.
Faifai sun kwana biyu ba mai tayawa.
Yaran yanzu a waya suke ɗura wasa,
su shigo, su sha iskar fankata,
su tambayi kuɗin caja, su fita.
Asabar wuta ta ɗauke ana tsaka da wasa,
na mayar wa kowa dalarsa.

A jan kuwa:
riga goma sha biyu, kyautar Alhaji Nomau mai aya,
sunansa a baya ya fi lamba girma.
Motar zuwa Damagaram, jika arba'in, bashi.
Ragar kwando ta yage,
Barmo ya ɗinke ta da igiyar buhu.
Ranar wasa mutum ɗari uku sun kalla,
goma sha bakwai suka biya ƙofa,
sauran duk 'yan'uwan mai gadi ne.

Ga kuma Tsahiru.
Shekara uku yana zuwa bayan la'asar,
dala ashirin a tafin hannu,
ya zauna, ya tashi ƙattai a allo
suna zuba ƙwallo a kwando da yatsarsa.
Rannan ya miƙe, kansa ya bugi fankar.
Na dube shi daga silifa har sama.
Na ce, gobe ka same ni a fili.

Wata biyar ke nan bai leƙo shago ba.
Jiya ya ci ashirin da biyu,
gwiwa na jini, yana dariya.

Daren nan na buɗe duka biyun.
A shuɗin na san abin da ya fita:
dala ashirin, kullum, har da Juma'a.
A jan na ɗaga biro, na daɗe,
ban ga layin da ake rubuta irin wannan ba.
Sauro ya dame ni. Na kulle shago.