Ɗanɗanon Kwali

Akwati shida suka dawo daga mashayar Gundula
a watan Mayu, da 'yar takarda a wuyan kwalba:
"Giyarku ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali take yi."
Kakana Ottmar ya kurɓa, ya riƙe a baki,
ya daɗe yana duban gonar sha'ir ta taga.
Bai tofar ba, bai haɗiye ba.

Ni na san ranar da aka yi ɓarnar.
Janairu ne, ƙarfe huɗun dare,
ƙanƙara ta rufe hanyar Bamberg,
garin tsiron sha'ir ya gamu da ruwa.

Cikin kowace ƙwaya akwai ɗigon mai,
ko hawayen sauro ya fi shi yawa.
Gefensa wani sinadari na kwance
kamar kare a bakin ƙofa.
Ruwa mai ɗumi-ɗumi ke tashinsa.
In ya sami iska, sai ya far wa man, ya yayyaga,
ba wari, ba ƙara, ba sauyin launi.
Giya ta dahu, ta huce, ta shiga kwalba
da bashin da ba wanda ya rubuta.
Wata huɗu, mai bin bashi ya yi sallama.

Shekara arba'in Kaka yana kwararo ruwa daga sama
don yana son rugugin da tagulla ke yi.
Yana tuƙi har kumfa ta kai baki,
ya ce aikin da ba a ji ƙararsa ba, ba a yi shi ba.

Na ce, Kaka, ara mini tukunya ɗaya.

Na bar niƙa sai da ruwa ya shirya,
kada gari ya kwana yana shan iska.
Na tafasa ruwan, na bar shi ya sauko a rufe,
na shigar da shi ta gindin tukunya,
yana hawa a hankali kamar mai gudun tashin jariri.
Ma'auni ya nuna sittin da uku,
zafin da karen ba ya jurewa.
Na ɗiga tsami kaɗan don in daushe masa haƙori.
Muciya kuwa, juyi biyu, na ɗaga hannu.

Kaka na zaune kan buhu, hannu a hamata.
"Reinhild, wannan dahuwa ce ko zaman makoki?"

Bazara ta wuce. Ganye ya fara ja.
Babu takarda daga Gundula,
kwalabe kawai, babu ko ɗigo a cikinsu.

Jiya na sauko da duhu
na tarar da shi gaban tukunya,
ya buɗe famfon ƙasa da kansa,
ya kara kunne jikin tagulla
yana neman abin da zai ji.