Mai Faci a Bolari

Shekara ashirin ina toshe hujin taya,
yau ni ke huda su.
Maƙwabta suka ce Bappayo ya taɓu.

Daminar bara ce ta koya min.
Tsofaffin tayoyi goma sha ɗaya a bayan rumfa,
kowace da ɗan tafkinta,
kowane tafki da 'ya'yansa masu wutsil-wutsil.
Da hantsi ya ciji Dudu,
sauron nan mai farin zane a ƙafa,
gidan sauro na naɗe yana jiran magariba.

Kwana shida: Baba, bayan idona.
Baba, ana sara min ƙashi.
Likita ya ce dengi,
ku yi ta ba ta ruwa, ban da asfirin.

Ta tashi.

Ruwa ya ɗauke, muka ce an huta,
ashe cin rani ya shigo randarmu.
Yanzu duk Asabar uwarta na goge cikinta da soso,
ta ɗaure baki da ƙyalle.

Ga hadari can ya haɗo ta wajen Liji.
Dudu, miƙo min ƙusa,
saura taya uku.