Kofin Ruwa a Kan Tebur

A ajinmu na hawa na uku, a Eskishehir,
ni ce mai zama a bakin ƙofa.
Na ce wa Malam zafi nake ji, ina son iska.
Ƙarya na yi, ga rigar sanyi har biyu a jikina.
Matakala nake ƙirgawa,
arba'in da biyu ne zuwa ƙasa,
na haddace su kamar Fatiha.

In jirgin cikin gari ya gifta ta bayan katanga
gilasan taga sukan yi 'yar tsuwa.
Ba mai ɗaga kai daga lissafi.
Ni kuwa tuni na koma Antakya,
ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, ana ruwa,
bango yana tangaɗi kamar ya sha ya bugu,
Doruk yana kiran sunana daga ɗakin da yanzu babu shi.
Sau biyu ya kira.
Na ukun nake jira har yau.

Saura kwana sittin da ɗaya jarrabawar shiga jami'a.
Yana rubuce a kusurwar allo,
kullum da safe a goge, a rage ɗaya.
Mama ta ce, "Nehir, ke kaɗai kika rage mana, ki dage."
Ba da mugun nufi ta faɗa ba,
tana yanka albasa ne ma, ba ta dube ni ba,
amma maganar ta fi jakata nauyi,
kuma ita ba a sauke ta a gefen gado.

Da takalmi nake kwana.
Ina ajiye kofin ruwa a kan tebur,
ba na sha ba ne, na kallo ne.
In na ji duniya tana rawa sai in duba:
ruwan na kwance lafiya lau?
To ni ce ke rawa, ba ƙasa ba.

Ofishin Malama Gulizar ɗan tsukuku ne,
sai ƙamshin shayi da ɓawon lemo.
Ba ta ce in yi haƙuri ba.
Haƙuri an ɗura min shi har ya ginshe ni.
Cewa ta yi, "Me kike gani a ɗakin nan?"
Na ce labule. Kujera. Ƙusa.
"Me ƙusar ta riƙe?"
Agogo.
"Ya faɗo?"
Bai faɗo ba.
Muka zauna muna kallon agogon da bai faɗo ba
har numfashina ya dawo daga inda ya gudu.

Ranar Laraba aka yi gwajin ƙararrawa.
An sanar tun Litinin, na sani sarai,
amma wanda maciji ya sara
ba ya tsayawa tambayar tsumma sunansa.
Na tsinci kaina a ƙarƙashin benci, haƙora suna haɗuwa.
Sai ga Ilgaz, wadda ko gaisawa ba ma yi,
ta rarrafo, ta ƙume kanta da katako,
ta ce, "Wash! Ke, tambaya ta sha huɗu me kika samu?"
Na ce bakwai.
Ta ce, "Na shiga uku, ni rabi na samu."
Dariya ta kuɓuce min.
Na yi maza na rufe baki kamar na yi sata,
don ban nemi izinin Doruk ba.

Da dare na gaya masa, a zuci.
Bai ce komai ba. Dama can
shi ne mai sa ni dariya a kan abinci har in ƙware.

Ban warke ba, kar wani ya yi min guɗa.
Shekaranjiya ma na yi kuka a banɗaki
saboda wani ya buga ƙofa da ƙarfi.
Allo ya ce saura hamsin da huɗu.
Takalmina na ƙafata.

Sai dai jiya da asuba ƙishi ya tashe ni,
na laluba cikin duhu,
na shanye ruwan kofin tas
kafin in tuna aikin da na ba shi.